Rumfar 'yan kallo a filin sukuwa: abin da ya kamata a daidaita kafin a fara zane

Tambayar ta zo ne daga wani dattijo da ke cikin kwamitin wata ƙungiyar masu dawakin sukuwa a nan Kano. Ya ce shekara da shekaru suna hayar rumfunan tamfol da kujerun roba duk ranar da za a yi gasa, yanzu kuma wasu masu hannu da shuni sun yi alkawarin kuɗin gina rumfa ta dindindin mai ɗaukar mutum kamar 2,000. Wasu 'yan kwamitin sun kawo hotunan filin Meydan na Dubai suna son a yi kwatankwacinsa, shi kuwa yana son ya san abin da ya kamata su tsayar da shawara a kai kafin su kira mai zanen gini.

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Shawarata ta farko ita ce a ajiye hotunan nan a gefe tukuna. Meydan, wanda aka buɗe a 2010, an gina shi ne domin mutum kimanin 60,000, da otal a jikinsa, kuma manyan gasanninsa da dare ake yin su a ƙarƙashin fitilu, manyan baƙi na zaune bayan gilashi cikin sanyin na'ura. Ku kuwa da la'asar kuke sukuwa, a fili mai ƙura, a garin da zafin bazara kan kai digiri 40, kuma yawancin masu zuwa kallonku a tsaye suke son su ga ƙarshen tsere. Abubuwa uku ne za su nuna ko rumfar ta yi ko ba ta yi ba, wato inda ta fuskanta, da abin da idon mai zama zai iya hangowa, da yadda jama'a za su fita idan wani abu ya faru. Kyan fuskar gini yana zuwa ne bayan waɗannan, domin fenti da ado ana iya sake su, amma ginin da aka dasa a gurbin da bai dace ba sai dai a rushe.

Mu fara da rana. Sukuwa takan fara ne bayan sallar la'asar, lokacin da rana ta riga ta karkata yamma. Da misalin ƙarfe huɗu da rabi tsayinta a sama kimanin digiri 30 ne ko ƙasa da haka a Kano, daga nan kuma ƙasa take ta yi. Duk rumfar da ta fuskanci yamma, komai faɗin rufinta, rana za ta shigo ta ƙarƙashinsa ta doki idon mai kallo daidai lokacin da dawaki suke shigowa layin ƙarshe. Saboda haka wurin rumfa shi ne yammacin fili, tana kallon gabas, rana na bayan jama'a. Wannan zai sa dawaki da rigunan mahaya su fito sarai ga ido da kuma ga na'urar ɗaukar hoto. Idan shimfiɗar filinku ba ta yarda da haka ba, fuskantar arewa ita ce ta biyu a daraja, domin a mafi yawan watannin shekara rana ta kudu take ratsawa. Ko da abin zai kai ga matsar da layin ƙarshe zuwa ɗaya gefen filin, gara a yi haka, tunda sauya turaku da shinge ya fi sauya gini araha nesa ba kusa ba.

Sai dai fuskantar gabas na da nata tsadar, kuma dole injiniya ya san da ita tun farko. Kowa a Kano ya san daga gabas hadari yake haɗowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, musamman a farkon damina da ƙarshenta. Iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take kaɗowa da ƙura. Rumfa mai buɗaɗɗen baki a gabas za ta karɓi wannan iska gaba ɗaya, zan kuma dawo kan maganar idan na zo batun rufi.

Akwai kuma inuwa, wadda masu zanen da ba su san doki ba sukan manta da ita. Idan rana na bayan gini, inuwarsa gaba take faɗuwa, wato wajen hanyar tsere. Gini mai tsayin mita 10 yakan jefa inuwar mita 17 idan rana na kan digiri 30, da kusan mita 27 idan ta sauka zuwa digiri 20. Doki a guje yana iya ɗaukar bakin inuwa a matsayin rami ko wani abu da aka gitta masa, ya yi tsalle. Haka ta faru a filin Belmont na Amurka a 1990, inda wani shahararren doki daga Ingila mai suna Dayjur, yana kan gaba dab da layin ƙarshe, ya tsallake inuwar da ginin 'yan kallo ya jefa a hanya, wata goɗiya mai suna Safely Kept ta wuce shi da tsawon wuya. Ba za ku iya hana inuwa kaiwa hanya a tseren ƙarshe na yini ba, amma za ku iya sa ta zama shimfiɗa guda mai miƙaƙƙen baki, ba tsinke-tsinke ba. Wannan na nufin kada a jera sandunan tuta ko hasumiya a gaban rufi. Na san za a so a yi wa ginin zanko domin ya yi kama da na gida, ni ma ina so, amma wurinsa ƙofar shiga da bangon baya, inda inuwarsa ba za ta isa ga doki ba.

Game da gurbin rumfar a tsawon hanya, kada a ɗora tsakiyarta daidai kan layin ƙarshe kamar yadda ake ɗora rumfar ƙwallo a tsakiyar fili. Mai kallon sukuwa ba gabansa yake duba ba, gefe yake duba, wajen da dawaki ke fitowa daga kwanar ƙarshe. Ya fi kyau mafi yawan kujeru su kasance kafin layin, a kuma ɗan karkatar da ginin ya fuskanci dawaki masu zuwa, domin kada kowa ya riƙa leƙe ta gaban maƙwabcinsa, shi ma maƙwabcin ya miƙe, har layi duka ya tashi. Abin da dole ya zauna daidai kan layin shi ne ɗakin alƙalai, a sama, ba ginshiƙi ko kan mutum a gabansa, da wurin kafa kyamara da ba ya motsi. Ku da kuke cikin harkar kun fi ni sanin irin rigimar da kan tashi idan dawaki biyu suka shigo kai da kai, alƙali kuma yana tsaye a karkace.

Yanzu sai lissafin gani, wanda shi ne zuciyar aikin. Tsakanin idon mutum da tsakar kansa akwai kimanin santimita 12. Idan ana son na baya ya ga abin da na gaba yake gani, dole layin ganinsa ya bi ta saman idon na gaba da aƙalla wannan tazara. A filayen ƙwallo na Turai sukan yarda da santimita 9, amma su yawanci kai ba hula suke zama. Mu nan kusan kowa da hularsa, a sashen hakimai kuma rawani ne, wani ma da kunnuwa biyu. Don haka kada a sauka ƙasa da 12 a ko'ina, a sashen sarakuna kuwa a ba da 15 ko fiye. Ga misali da lambobi. A ce daɓen layin kujeru na farko ya ɗaga mita ɗaya da rabi daga ƙasa, idon mai zama a kai yana kan mita 2.7, shingen hanya kuma yana nesa da mita 20, faɗin kowane mataki santimita 80. Domin a sami tazarar 12, mataki na biyu sai ya ɗara na farko da santimita 23. Amma idan aka kai layi na 15, ɗagawar da ake bukata ta kai kimanin santimita 28. Ma'ana matakan rumfa ba tsayi ɗaya suke ba, suna ƙaruwa ne yayin da ake hawa. Birkila zai fi son ya yi su duka bai ɗaya domin katakon zubi guda ya ishe shi, kuma a nan ne ake cutar mutanen baya. Hanyar sasantawa ita ce a raba matakan rukuni uku, kowane rukuni da tsayinsa.

Kada a ɗauka cewa ƙananan ma'aikata ne kaɗai ke tuntuɓe a nan. Filin Askot na Ingila ya sake buɗewa a 2006 bayan an kashe kimanin fam miliyan 200 a kan sabon gini, sai ga mutanen da ke matakan ƙasa suna kukan ba sa ganin tsere, har aka sake kashe kusan fam miliyan 10 wajen gyara matakan. Abin da zai kare ku daga irin wannan ba shi da tsada. Kafin a haƙa tushe, a kafa dandamalin ƙarfe na wucin gadi a gurbin da aka zaɓa, a ɗora kujera a tsayin layin farko, da na tsakiya, da na ƙarshe, 'yan kwamiti su hau su zauna ranar da ake kilisa da yamma. A sa samari su tsaya a bakin shinge kamar yadda suke yi ranar gasa. A nan za a gane ko kawunansu na tare dawaki, a nan kuma za a ga ko bishiya ko motocin da ake ajiyewa a tsakiyar fili na ɓoye ɗaya gefen hanyar. Filin da ke tsakanin rumfa da shinge a yi masa ɗan gangare zuwa wajen hanya, domin masu tsayuwa su ma su ga tsere ta saman kan juna, ruwan sama kuma ya sami mabi zuwa lambatu.

Girman ginin yana fitowa ne daga waɗannan lambobi. Ma'aunin da aka saba ba mutum guda shi ne faɗin santimita 50, amma mai babbar riga ya fi jin daɗin 55. Mutum 2,000 a layi 15 na nufin kujera kamar 134 a kowane layi, idan aka haɗa da hanyoyin hawa sai tsawon ginin ya kai mita 80, zurfin matakansa kuma mita 12. Ban ba da shawarar a cika shi duka da kujerun roba ba, domin rana na cinye roba, ta koɗe ta tsage cikin 'yan shekaru. Dakalin kankare mai katako ko ƙarfe mara tsatsa a sama ya ishi sashen jama'a, kujeru masu majingina a bar su ga sashen da ake biyan kuɗi mai yawa.

Batun fita shi ne wanda nake roƙon kwamiti kada ya yi ciniki a kansa. Ma'aunan da yawancin masu zane ke bi sun fito ne daga kundin Birtaniya da ake kira Green Guide, wanda aka fara bugawa a 1973 bayan mutum 66 sun mutu a turmutsutsu kan matakalar filin Ibrox a Glasgow a 1971. Kundin yana lissafa cewa ta kowace mita ɗaya ta faɗin hanya, mutum 66 ne ke iya wucewa cikin minti ɗaya a kan matakala, 82 a shimfiɗaɗɗen wuri, kuma a cikin minti 8 ya kamata kowa ya bar wurin zama ya shiga hanyar fita. Idan aka raba mutum 2,000 da wannan, faɗin mita 4 ne zai fito a takarda. Kada ku yarda da shi. Lissafin bai san tsoho mai sanda ba, bai san riga mai jan ƙasa a kan matakala ba, bai kuma san cewa tserenku na ƙarshe yakan ƙare ne dab da magariba, kowa ya miƙe lokaci guda yana neman alwala ba. Ni zan ninka shi sau biyu ko uku, in raba shi ƙofofi aƙalla huɗu a wurare daban-daban, yadda idan ɗaya ta toshe sauran za su ɗauke nauyin. Kowace hanyar hawa kada ta gaza mita 1.2, kada kuma a jera kujeru fiye da 28 tsakanin hanya da hanya. Ƙofofi waje za su riƙa buɗewa, kuma muddin akwai mutane a ciki ba a sa musu kwaɗo, sai dai a tsayar da mai gadi. A gobarar filin ƙwallo na Bradford a 1985, wadda ta ci mutum 56, da yawa sun mutu ne a bakin ƙofofin baya da aka kulle.

Wuta a filin sukuwa ba sabon abu ba ne. Ranar 26 ga Fabrairun 1918, a filin Happy Valley na Hong Kong, rumfunan wucin gadi na gora da tabarma sun rufta da jama'a a kan murhun masu sayar da abinci da ke ƙasa, sama da mutum 600 suka halaka. Na kawo wannan ne domin na san za a so a yi shaguna a ƙarƙashin matakai a riƙa karɓar haya, kuma shawara ce mai kyau, tunda rumfar da ba ta kawo ko sisi tsakanin gasa da gasa ba ta daɗewa ba ta lalace ba. Amma mai tsire da mai shayi da duk mai tukunyar gas a ware musu wuri a fili, nesa da gini da hanyoyin fita. Janareto da man da yake sha su ma ɗakinsu daban, nesa da jama'a, nesa da dawaki. Ƙarƙashin rumfa ya dace da banɗakuna, da wurin alwala mai famfo da yawa, da ɗakin ba da agajin gaggawa wanda motar asibiti za ta iya isa bakinsa, da ofis, da shagunan da ba sa kunna wuta. Wurin salla a shimfiɗa shi a fili a bayan gini, a inda sahu ba zai tare ƙofa ba.

Nauyin da matakan za su ɗauka a lissafa shi a kan jama'a a tsaye, a cunkushe, wato kimanin kilo 500 a kowane murabba'in mita, ko da an ce kujeru za a sa. Dalili shi ne babu filin taro a Kano da ke tsayawa ga abin da aka gina shi dominsa. Wata rana za a ara shi don wasan Sallah ko taron siyasa, makaɗa su saki kiɗa, dubban mutane su riƙa taka rawa a kan ƙafa ɗaya. Irin wannan motsi na bai ɗaya yana girgiza bene fiye da nauyin tsaye, don haka a gaya wa injiniya ya duba shi. Makarin da ke gaban layin kujeru na farko da na bayan layin kujeru na ƙarshe su ma ba ado ba ne, sai sun iya jure turin jama'a.

Na dawo ga rufi. Abin da ake so shi ne rufin da ba shi da ginshiƙai a gaba, domin ginshiƙi guda yana iya ɓoye wa mutum doki a daidai sakan ɗin da ya biya kuɗi don ya gani. An daɗe da sanin yadda ake yin haka. Rufin filin sukuwa na Zarzuela a Madrid, wanda injiniya Eduardo Torroja ya tsara aka buɗe a 1941, ya miƙo kusan mita 13 ba tare da madogara a gaba ba, kaurin kankarensa a baki bai wuce santimita 5 ba. Ku ba sai kun je can ba, ƙarfen da aka haɗa aka ɗaure shi ta baya ya wadatar. Tunda rana ta baya take zuwa, ba lallai rufin ya rufe layuka 15 duka ba, idan ya rufe goman baya inuwarsa za ta sauka a kan sauran da la'asar, kuɗi kuma ya ragu sosai. Haɗarin irin wannan rufi ba faɗowa ba ne, tashi ne. Iskar hadari tana shiga ta buɗaɗɗen baki ta tura shi sama kamar yadda take juya lema a hannun mutum, shi ya sa duk farkon damina ake ganin kwanon makarantu a gonakin mutane. Dole a ɗaure kwano da ƙarfe, ƙarfe da ginshiƙi, ginshiƙi da tushe, a lissafa kowace mahaɗa a kan ja zuwa sama, a kuma bar tazara tsakanin bangon baya da rufi domin iska ta sami mafita. Wannan tazarar ita ce kuma za ta fitar da zafin da kwano ke tarawa. A ɗaga rufin aƙalla mita uku daga kan layin kujeru na ƙarshe, a sa masa abin tare zafi a ƙasa, kwanon ya zama mai haske. Bangon baya a yi shi da bulo mai ƙofofi da aka karkatar, iska ta wuce amma hasken yamma kada ya shigo ya doki ƙeyar mutane. A sa masa maganin tsawa, domin shi ne zai zama abu mafi tsayi a buɗaɗɗen fili.

Rufin ya gangara baya, ruwansa ya bi indararo zuwa tanki. Rufi mai tsawon mita 80 da faɗin mita 10 yana tara lita 8,000 daga ruwan sama na milimita 10 kacal, kuma kuna bukatar ruwan nan don yayyafa wa hanya kafin tsere, in ba haka ba iskar hunturu za ta kwaso ƙurar kofato ta zuba wa baƙinku a fuska.

Raba doki da mutum shi ne abu na gaba. Dokin sukuwa yana cin mita 15 ko fiye a sakan ɗaya, kuma a wannan gudun linzami ba ya tsayar da shi nan take. Shinge biyu ake yi, na hanya da na jama'a, da tazarar 'yan mitoci a tsakani inda ma'aikata kaɗai ke tsayawa. Na hanya a yi shi da farar roba mai sauƙin karyewa, turakunsa a lanƙwashe zuwa waje yadda ƙafar mahayi da likkafa ba za su doke su ba. Bututun ƙarfe da turken kankare suna karya ƙafar doki, suna kashe mahayi. Na jama'a kuwa ya zama mai ƙarfi, amma da ƙofofin da za a iya buɗewa zuwa fili idan an shiga halin gudu. Sanannen abu ne cewa da zarar doki ya ci, magoya bayansa sukan kwarara cikin hanya su tare shi, alhali na baya ba su gama shigowa ba. Tsawa da bulala ba sa hana wannan. Abin da ke rage shi shi ne a keɓe wani da'irar fili kusa da rumfa, inda za a zaga da dawaki kafin tsere jama'a su ƙare musu kallo, a kuma dawo da wanda ya ci a yi masa kirari a gaban kowa. Hanyar da dawaki za su bi daga wurin ɗaure su zuwa wannan da'ira kada ta gitta hanyar 'yan kallo ko ta motoci ko kaɗan.

Sashen manyan baƙi a ƙidaya shi da gaskiya. Sarki ko hakimi ko gwamna ba ya zuwa shi kaɗai, akwai dogarai da fadawa da jami'an tsaro, kuma idan ba a tanadar musu wurin tsayawa a baya da gefe ba, a kan matakala za su tsaya su toshe ta. A ba sashen matakalarsa da ƙofar motarsa, amma kada a ƙwace wa jama'a ko ƙofa ɗaya dominsa. Mata da iyalai a ba su sashe mai ƙofarsa da banɗakunansa, in ana son su riƙa zuwa. Masu keken guragu a yi musu gangaren da bai fi tashin mita ɗaya a cikin mita 12 ba, da wurin zama a inda mai tsayuwa ba zai tare su ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta irin wannan tanadi a gine-ginen jama'a.

Game da yadda za a bi aikin, a fara da awon fili da gwajin ƙasa. Kano cike take da tsofaffin kududdufai da ramukan ɗibar ƙasa da aka cike da shara, daga sama ba a gane su, kuma ginshiƙin da ya sauka a kan irin wannan wuri zai nutse ya bar 'yan'uwansa. A ɗauki mai zanen gini da ke da rajista da hukumar masu zanen gini ta ƙasa, wato ARCON, da injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta ƙasa, wato COREN, a nemi ganin shaidarsu, a kai zane hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, don samun izini, a kuma nemi hukumar kashe gobara ta duba hanyoyin fita tun suna kan takarda. Wanda zai sa ido a kan aikin kada ya zama ɗan kwangilar da ke yin sa. A lokacin zubi a riƙa ɗibar samfurin kankare ana gwada ƙarfinsa a kwana 7 da kwana 28, a auna kaurin rodi da ma'auni a gaban wakilin kwamiti, domin akan sami rodin da bai kai lambar da aka sayar da shi a kai ba. Kankaren da aka zuba da bazara ko da hunturu yana saurin bushewa ya tsage, sai an rufe shi da buhu ana jiƙawa aƙalla mako guda.

Idan kuɗin alkawari bai shigo gaba ɗaya ba, kada a tayar da ginshiƙan mita 80 a bar rodi a tsaye yana tsatsa. A sa mai zane ya raba ginin gida-gida, kowane gida mai ɗaukar mutum kamar 500 da matakalarsa da ƙofarsa da rufinsa, yadda za a iya amfani da shi shi kaɗai. A fara da gidan da ke kusa da layin ƙarshe tare da ɗakin alƙalai da shingaye biyun da banɗakuna, sauran gidajen a riƙa ƙara su ta ɓangaren da dawaki ke fitowa duk lokacin da kuɗi ya samu. A cikin kasafin farko a ware abin da za a riƙa biyan injiniya ya zo ya duba mahaɗan rufi da kusoshinsu kowace shekara a watan Afrilu, kafin hadarin farko.